Kyauta ko Banza?

A ƙauye, idan baƙo ya sauka, inuwa tana jiransa, ruwan randa yana jiransa, ba wanda zai tambaye shi ko dala. Amma wanda ya sauka tasha a birnin Yamai, tun ranar farko zai gane ya shigo wata duniya. Ruwa sai ka saya wurin ɗan ga-ruwa. Itacen dafuwa sai ka saya. Ko bayan gida za ka zaga a kasuwa, sai ka biya. Saboda haka mutane da yawa sun ɗauka cewa a birni ba abin da marar kuɗi zai yi, sai zaman ɗaki. Tambayar da nake so mu duba tare ke nan, ya ɗan'uwa mai karatu: abin da ba a saye da kuɗi, yana da daraja ko ba shi da ita?

Ga abin da ya sa na yi tambayar. Ɗan ƙanena ya zo Yamai neman aiki, ya sauka gidana. Ya yi wata uku bai samu ba. Sai na lura ya daina fita. Da na tambaye shi dalili, ya ce, "Baba, in na fita ina za ni? Ko'ina sai da kuɗi." Bayan haka na ji ya ci bashin jika biyar don ya zauna da abokai inda ake sayen abin sha, kada a ce shi ba kowa ba ne. Kunya ce ta kai shi ga bashi, ba yunwa ba.

Wata Lahadi da la'asar na ce ya raka ni. Muka taka da ƙafa har gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Muka tsaya a tsakiya muna kallon kogin Kwara: masunta cikin jiragensu, masu wanki suna kwashe tufafin da suka shanya, masu lambu suna ban ruwa a gaɓa, rana kuma tana faɗuwa bayan Harobanda. Na faɗa masa cewa ruwan nan daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, yakan yi watanni a hanya, shi ya sa kogin yake cika a Janairu, lokacin da ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Na faɗa masa cewa a 1985 kogin ya daina gudu a nan saboda fari. Na faɗa masa kuma cewa a wannan gada aka harbi ɗalibai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Muka dawo gida da dare, ba mu kashe ko dala ba.

Daga ranar ya soma gane gari. Ya zaga Babbar Kasuwa, wadda ta ƙone a 1982 aka sāke gina ta. Ya tsaya a Katako yana kallon yadda maƙera suke mai da tsohuwar gangar ƙarfe murhu da akwati. Ya kalli ƙwallon yaran unguwa da yamma. Ya gai da wata tsohuwa ƴar garinmu da take kwance, ya ɗebo mata ruwa. Duk wannan kyauta ne.

To, a lura da hikimar harshenmu. Abin da ba a biya ba, muna da kalma biyu dominsa. Mukan ce "na banza", mukan kuma ce "kyauta". Banza ita ce abin da ba shi da mai shi, ba shi da amfani. Kyauta kuwa ƴar'uwar kyau ce da kyautatawa, tana nuna akwai mai bayarwa. Ciwon birni shi ne yakan koya mana mu haɗa su biyun, har mu ce duk abin da ba a sa wa farashi ba, banza ne. Daga nan saura taki ɗaya mu ce mutumin da ba shi da kuɗi, shi ma banza ne. Ɗan ƙanena ya riga ya yanke wa kansa wannan hukunci.

Amma farashi ba ma'aunin daraja ba ne. Ina yaro, a Janairu 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a dare ɗaya. Kayan kanti suka tashi. Gaisuwar maƙwabci ba ta ragu ba, inuwar itace ba ta ƙanƙance ba.

Wani zai ce, "Malam, kallon kogi ba ya cika ciki. Mai abinci ne yake iya yabon faɗuwar rana." Gaskiyarsa. Ban ce talaka ya ƙoshi da kallo ya bar neman haƙƙinsa ba, kuma zunubi ne mai hali ya yi wa mayunwaci wa'azin haƙuri alhali rumbunsa a kulle. Abin da nake cewa shi ne, mai neman aiki yana bukatar abin da zai riƙe zuciyarsa kafin aikin ya zo. Wanda ya kulle kansa a ɗaki, baƙin ciki zai cinye shi kafin yunwa. Wanda ya fita, ya ga mutane, mutane suka gan shi, ya san har yanzu garin nasa ne.

Akwai magana ta biyu, wadda ta fi nauyi. Kyautar birni ba daga sama ta faɗo duka ba. Itatuwan dogon yaro da suka kewaye Yamai, wasu ne suka soma dasa su tun 1965, suka yi ta ban ruwa, yawancinsu ba su zauna a inuwar ba. Yau an sare da yawa, an yanka filaye an yi gini. Duk lokacin da aka katange fili, ko aka zuba shara a bakin kogi, ba mai mota ake cuta ba, gama shi yana da lambu a gidansa. Talaka ake ƙwace wa ɗakin baƙinsa. Wanda ya karɓi kyauta, bashin godiya yana kansa, hanyar biya kuwa ita ce ya kiyaye ta saboda na baya.

Ɗan ƙanena bai zama mai arziki ba. Yana koyon aiki wurin wani maƙeri da ya saba tsayawa kallo, yana biyan bashinsa kaɗan kaɗan. Kai kuma, ɗan'uwa, idan baƙo ya sauka gidanka aljihunsa wayam, kada ka ce ba ka da abin ba shi. Ka ɗauki takalmanka, ka nuna masa gari.