Baƙo Da Ciwon Da Ido Ba Ya Gani



A Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, mun ga yadda Annabi Iliya ya gudu cikin jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, daga baya ya saurari kukansa a Dutsen Horeb.

Bari mu dubi wasu 'yan'uwanmu da suka zauna ƙarƙashin irin wannan itace, wato mutanen Meziko, Gwatemala, Honduras da sauran ƙasashen Latin Amurka da suka yi ƙaura zuwa Amurka neman abinci. Da yawansu 'yan Katolika ne kamarmu. Da annobar korona ta auko a 2020, masu aiki a gidajen abinci da otel-otel suka rasa abin yi, har rashin aiki a cikin wannan al'umma ya kai kusan kashi 19 cikin 100 a watan Afrilu. Masu aikin gona da na mahauta kuwa dole suka ci gaba da fita, suna komowa gidaje masu cunkoso da fargabar kada su kawo wa iyalinsu cutar. Gwamnati ta raba wa jama'a dala 1,200, amma marasa takardun zama ba su samu ba, wasu ma suka ƙi zuwa asibiti don tsoron kora. Duk da haka iyaye da 'ya'ya a gida suna zuba ido a aiko musu da kuɗi.

Ko makoki ma ya gagare su. Al'adarsu ce a taru kwana 9 ana addu'ar rosari domin mamaci, sai ga shi an hana taro, an rufe majami'u. A ranar 27 ga Maris 2020, ranar da marigayi Fafaroma Francis ya yi addu'a a dandalin Bitrus Mai Tsarki babu jama'a, Fada Jorge Ortiz-Garay, ɗan Meziko mai kiwon waɗannan baƙi a Brooklyn, ya rasu da cutar. A watan Yuli, Kadinal Timothy Dolan ya sa albarka ga tokar 'yan Meziko kimanin 250 a babbar majami'ar Niyok kafin a mayar da ita gida.

Wace zuciya ce za ta ɗauki wannan kaya ba ta rankwafa ba? Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na watan Yunin 2020 ya nuna kusan kashi 19 cikin 100 na 'yan wannan al'umma da aka tambaya sun yi tunanin kashe kansu, alhali a cikin dukan waɗanda aka tambaya abin bai kai kashi 11 ba. Likitocin ƙwaƙwalwa masu jin Sifaniyanci kaɗan ne, ga tsada, ga kunyar kada a ce mutum ya taɓu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, ga fuskar takunkumi ya rufe ta.

'Yan'uwa, annobar ta lafa, amma darasinta yana nan. Ciwon damuwa ba zunubi ba ne, ba kuwa alamar ƙarancin bangaskiya ba. Idan annabi ya kai ga roƙon mutuwa, mu su wane ne da za mu yi wa mai baƙin ciki gori? Sau da yawa mukan sallami mai nauyin zuciya da cewa ya ƙara addu'a, mu wuce. Addu'a wajibi ce, amma Allahn da ya ba mu addu'a shi ne ya ba likita sani. Sai mu bi tsarin da Ubangiji ya bi da Iliya: mu ciyar, mu ba da wurin hutawa, mu saurara, sa'an nan mu raka mutum asibiti in ciwon ya fi ƙarfinmu.

A kowace majami'a akwai baƙon da ke zama a kujerar baya, yana fita kafin a gama waƙar ƙarshe. Ranar Lahadi mai zuwa mu riga shi isa ƙofa, mu tambayi sunansa, mu tsaya mu ji amsarsa.

Uwargida Maryamu, wadda ta ɗanɗani zaman baƙunci a Masar, ta yi roƙo domin dukan baƙi. Amin.