Mai Kallon Sama da Mai Kallon Rumbu

Ɗan'uwa mai karatu, wata rana da dare, bayan mun gama darasi a ajinmu na yaƙi da jahilci, wani dattijo ya yi mini tambaya. Ya ce: "Malam, na ji a rediyo wai akwai malamai da ke ƙare rayuwarsu wajen binciken kumbo da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Mu kuwa ga rumbunmu babu hatsi. Wannan ba ɓata ilimi ba ne?"

Tambayar tana da nauyi. Bari mu duba ta tare.

Akwai wani mutumin ƙasar Mali, sunansa Shek Modibo Diara. An haife shi a 1952. Ya yi karatu a Faransa, ya wuce Amurka, ya koyi ilimin ƙera jiragen sama da kumbo a jami'ar Howard, har ya koyar a can. Daga baya hukumar NASA ta ɗauke shi aiki. Yana cikin waɗanda suka yi aikin kumbon da ya sauka a duniyar Mars ran 4 ga watan Yuli na 1997, bayan tafiyar wata bakwai. To, wannan tafiya ba ta ƙara wa kowa ko tiya ɗaya ta gero ba. A nan dattijo yana da gaskiya.

Amma saurara. A 1977 Turawa suka harba tauraron ɗan adam mai suna Meteosat. Irinsa suna can sama, nisan kilomita wajen 36,000, suna kallon gizagizan Afirka dare da rana. Abin da suka gani suna aiko shi ƙasa cikin lambobi. Kwamfuta ce ke juya lambobin su zama taswira: nan ruwa ya sauka, nan ciyawa ta tsiro, nan fari ya kama. A Yamai akwai cibiyar Agirimet, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan. Da irin wannan taswira ma'aikatanta ke gargaɗin hukuma tun yunwa ba ta shigo gari ba.

Wa ya ƙera tauraron? Wa ya koya wa kwamfuta wannan lissafi? Injiniyoyi ne da malamai masu bincike. Sun yi shekaru suna bincike, a lokacin da ba wanda ya san manomin Tawa ko makiyayin Damagaram zai ci moriyar aikinsu. Ka san mai dasa dabino ba ya cin ƴaƴansa a shekarar da ya dasa. Haka bincike yake. In ka ce sai ya haihu bana, ka kashe shi.

Sai dai kada mai bincike ya ɗauka ya kuɓuta. Ba shi ya gina ajin da ya fara karatu ba. Harajin talakawa ne ya gina shi. Uwarsa ta daka hura ta ba shi, ƙannensa suka yi noma a madadinsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Iliminsa bashi ne a wuyansa. Zai iya biya ta koyar da yara, ko ta juya bincikensa wajen damuwar mutanensa. Dubi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa. Ya zurfafa cikin ilimin kimiyya a Turai, ya komo gida ya yi ta binciken yadda za a mori zafin rana. Yau jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ɗanka ko ɗiyarka ta zo ta ce tana son karatun da ba ka ga amfaninsa ba, kada ka yi saurin hana ta don gona na bukatar hannu. Ka bar ta ta tafi. Amma ranar tafiya, ka kai ta bakin rumbu, ka buɗe, ka ce ta duba ciki da kyau.