Abin da Mai Keke Yake Gani Tsakanin Kano da Rano

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya hore ta ga bayinsa, ya tsaga hanyoyi a cikinta, ya saukar da ruwa ya raya ta bayan bushewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da masu bin tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai mai karatu, ka sani Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Abu biyu aka haɗa a umarnin, tafiya da dubawa, kuma don dubawar aka ce a yi tafiyar. Mutanen wannan zamani sun fi kakanninsu tafiya nesa ba kusa ba, sai dai dubawa ta yi ƙaranci a cikinsu. Mutum zai shiga mota a Unguwa Uku, ya kifa kai a kan waya ko barci ya kwashe shi, bai farka ba sai a Zariya. Ya ratsa ƙasar da take ciyar da shi, bai san wa yake nomanta ba, bai san da wane ruwa ake shayar da ita ba, bai yi wa kowa sallama ba. Da dare a ajiye masa tuwon shinkafa ya ci, alhali Suratu Abasa ta umarci ɗan Adam da ya dubi abincinsa, ta kuma bi masa asalinsa tun daga zubowar ruwa da tsagewar ƙasa.

Maganin da na gani ga wannan gafala, ga mai lafiya da ƙarfin gwiwa, shi ne ya ware yini guda ya hau keke.

Kada a raina wannan abin hawa. A Suratun Nahli Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a cikin ni'imominsa, sa'an nan ya sanar cewa yana halittar abin da mutane ba su sani ba, kuma malamai da yawa na baya-bayan nan sun shigar da ababen hawa na zamani a ƙarƙashin wannan. Keken da muka sani, mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ta baya, John Kemp Starley ne ya fito da shi a garin Coventry na Ingila a 1885, a 1888 kuma John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska. Da ya iso ƙasar Hausa ya zama abin alfahari. Malamin makaranta da malamin gona da ɗan koli duk da shi suke yawo, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya babur ya zo ya ture shi, aka mayar da keke alamar rashi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa suka kakkaɓe nasu suka kai wa mai gyara. A karkara kuwa bai taɓa barin aiki ba.

Hanyar da nake so in bi da kai ita ce ta kudancin Kano: a fita ta titin Zariya, a karkata zuwa Tiga, a ratsa Rurum a shiga Rano, a dawo ta Bunkure. Zagaye ne da ya haura kilomita 100 da nisa, don haka ba a fara hawan keke da shi, sai wanda ya saba. Lokacinsa ƙarshen kaka, sa'ad da ruwa ya ɗauke, hunturu bai kankama ba.

Da idar da sallar asuba ake fita, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammako. Mutum ya duba birki da iskar taya, ya ɗaure famfo da gorar ruwa a kariya, ya karanta addu'ar hawa da ke cikin Suratuz Zukhrufi. Kafin rana ta ɗaga ya wuce Na'ibawa, ya haye gadar Tamburawa. Daga nan gidaje suke ja da baya, gonaki su matso. Dawa ta sunkuyar da kai, an karya wata an jera dammuna, harawar wake da ta gyaɗa an ɗora a kan bishiya saboda dabbobi. Ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya. Ga kuma gawo, wanda shi kaɗai ya isa aya ga mai hankali: yana zubar da ganye da damina lokacin da kowace bishiya take kore, sai hasken rana ya sami shukar da ke gindinsa, ganyen kuma ya zame mata taki. Idan rani ya shigo komai ya bushe, sai ya tofo ya ba dabbobi inuwa da abinci. Wa ya tsara masa wannan saɓani da sauran itatuwa, ya sanya maslahar manomi da makiyayi a cikinsa?

A Kura ƙamshin shinkafar da mata suke turarawa da ƙarar injinan casa suke tarbar baƙo. Kafin shinkafa, da baba aka san garin. Rawanin nan baƙi mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura daga marinarsu yake fita, fatake su kai shi har wajen Buzaye a cikin Sahara. Labarin Hausa Bakwai ma ya kira Kano da Rano sarakunan baba, ka ga ashe mai keke a tsohuwar ƙasar rini yake tafe tun safe har yamma.

Daga Kura zuwa Kadawa ido ba ya ganin ƙarshen fadamar da hannun mutum ya yi. Asalinta madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai shekarun da fari ya gigita ƙasashen Sahel. An gina ta ne don ta ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can babban kanal yake kwaso ruwan, ya rarraba shi cikin ƙanana, su kuma su kai shi bakin gona ba tare da inji ba, gangara kawai yake bi. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi. A wannan lokaci na shekara za ka ga wani yana bugun shinkafar damina, maƙwabcinsa yana gyara ƙasa don alkama, na gaba da su yana dashen tumatir, wanda nan da 'yan watanni zai cika kasuwar Kwanar Gafan da kwanduna.

A nan ne dubawa take komawa ilimi, domin babin zakkar amfanin gona da ɗalibi ya karanta a zaure ga shi a shimfiɗe a gabansa. Shari'a ta wajabta ɗaya cikin goma a kan abin da ruwan sama ko ruwa mai gudana da kansa ya shayar, da ɗaya cikin ashirin a kan abin da aka shayar da wahalar ɗebowa, idan amfanin ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, kowane wusuƙi sa'i 60. To, ga gona biyu gefe da gefe. Ɗaya kanal ne yake malalo mata ruwa, ɗaya kuma ta yi tudu, sai mai ita ya sayi fetur ya tayar da inji. A ƙa'idar malaman fiƙihu hukuncinsu ya bambanta, ko da shinkafa iri ɗaya suka shuka. Mazhabar Imamu Malik ta wajabta zakka a shinkafa da dawa da gero da alkama da wake da riɗi, ba ta wajabta ta a jikin tumatir da albasa ba, Imamu Abu Hanifa kuwa ya wajabta a duk abin da aka noma don amfanin ƙasa. Ina ganin malamin da zai yi wa manoman Kadawa fatawa yana da bukatar ya taɓa tsayawa a bakin kanal ɗin nan, ya ga wanda ruwa yake iskewa da wanda yake bin ruwa da kuɗinsa.

Akwai kuma haƙƙin da ba a gani daga Tiga. Ruwan da aka tare a nan shi ne a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina, masunta da makiyaya da manoman can suna rayuwa da shi. Tun da aka yi madatsar ambaliyar ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Wanda ya ga kanal ya fashe ruwa yana zuba a banza, ya tuna akwai Musulmi a gabas da wannan ruwan ya kamata ya isa gare su.

Rana tana take tsaka idan aka bar babban titi aka nufi Tiga ta Bagauda. Nan gajiya take fara magana: cinya ta yi nauyi, sirdi ya dami mutum, kowane hayi ya ninka tsawonsa. A wani ƙauye a wannan yanki na taɓa tsayawa ruwana ya ƙare, na tarar da wani dattijo a gindin darbejiya yana tufka igiya. Na sauka na yi sallama.

Ya amsa, ya ce, "Sannu da rana, Malam. Daga ina haka?"

Na ce, "Daga birni, Baba."

"A kan wannan? To, Allah ya ba da lada. Kai yaro, shiga ka ce a ba da ruwa a randa, baƙo ne."

Aka kawo ruwa, aka biyo shi da fura, bai tambayi sunana ba sai da na sha. Sa'an nan muka yi zancen damina da tsadar taki, ya gaya mini yadda dillalai suke saye a hannunsu da arha lokacin kaka, saboda bashin da manomi ya ci da bazara ba ya jiran farashi ya tashi. Da a mota nake, da ƙura kawai zan bar masa. Keke yana sauke ɗan birni daga matsayin mai wucewa ya mayar da shi mabuƙaci, kuma wanda ya sha ruwan randar talaka da ƙishi na gaske ba zai ƙara yi wa mutanen karkara kallon raini ba. Sunna ta koyar cewa na kan abin hawa shi yake fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, mai tafiya kuma ya yi wa na zaune. Mai keke yana raya wannan sunna tun fitowar rana har faɗuwarta, domin tafiyarsa ba ta fi ƙarfin muryarsa ba. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi, sadaka ce a gare shi. Idan haka ne, mutanen da kake wucewa a duƙe suna da rabon lada a cikin kowace loma da birni yake haɗiya.

Azahar takan riski matafiyi a wajajen Tiga, sai tambaya ta taso: zai yi ƙasaru? A wajen Malikawa tafiyar ƙasaru barid 4 ce, wato mil 48, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid, abin da ake ƙiyastawa da kimanin kilomita 80. Ana lissafa tafiya ne kawai, ba a haɗa ta da dawowa. Tiga kuwa kimanin kilomita 70 take daga Kano. Idan mutum ya ce ai Rano ya nufa, kuma ta wannan zagaye nisan ya cika, to Muhtasar na Shehu Halil ya hana ƙasaru ga wanda ya bar gajeriyar hanya ya bi doguwa ba da uzuri ba, ya kuma fitar da mai tafiyar wasa daga cikin waɗanda aka sunnanta wa. Abin da ya fi kuɓuta shi ne ya cika sallarsa tare da jama'a a masallacin garin da ya tsaya. Wannan hukunci yana tilasta wa mahayi ya binciki niyyarsa tun kafin ya taka feda. Wanda ya fita don ya ƙarfafa jikin da aka ba shi amana, ya yi tunani cikin halittar Ubangijinsa, ya sada zumunci da ɗan'uwa a Rano ko Bunkure, yana cikin ibada muddin bai tozarta salla ba. Wanda ya fita don a gan shi a yaba, ladansa yabon da ya samu.

Duwatsun Rurum da na Rano suna bayyana da la'asar, manya-manya, wasu a ɗore kan wasu. Rano tsohon gari ne, ɗaya daga Hausa Bakwai, sarkinsa ake yi wa kirari da Autan Bawo. Ba a daɗewa a nan, a yi salla, a sha rake, a juya. Shanun Fulani suna shiga gonakin da aka gama kwashewa suna cin kara suna barin taki, balbela tana biye da su. Wannan tsohuwar yarjejeniya ce mai amfanar kowa, ba ta ɓaci sai an shigar da dabba kafin a ɗauke amfani, ko an nome burtali.

A hanyar dawowa ta Bunkure mutum zai gane cewa shi baƙo ne a cikin masu keke. Ga mai buhun masara a kariya, ga mai jarkokin ruwa, ga mai itace, ga ɗalibi ya goyo ƙanensa daga makaranta, ga mai faci a bakin hanya da kwanon ruwansa yana neman inda tayar wani take yoyo. Abin da ɗan birni ya yi yini guda don nazari, su shi ne safiyarsu da maraicensu duk shekara. Kuma da an hau babban titi a Karfi, magariba tana gabatowa, za ka ɗanɗani tsoron da suke sha kullum: tirela ta wuce iskarta ta jijjiga ka, motar haya ta matse ka har sai ka gangara cikin ƙasa.

Don haka nake kira ga direbobi, manya da ƙanana, da ku ji tsoron Allah game da masu keke. Hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da cuta daga gare ta yana cikin rassan imani. Idan kun hango mai keke da kaya ku rage gudu, ku ba shi fili, kada ku firgita shi da oda a kusa da kunnensa. Hukumomin da suke shimfiɗa tituna su bar kafaɗa mai faɗi a gefe, su hana a mayar da ita wurin ajiye motoci da shanya. Masu keke kuma ku gyara birki, ku sa fitila da abin ƙyalli a baya, ku yi ƙoƙari ku isa gida kafin duhu.