Ɗan Zuru, Ka Koyi Harshen Inda Kake Neman Abinci

Ɗana, kai da ka bar Zuru ko Dabai ko Riba ko Mahuta ka tafi neman halaliya a ƙasar wasu, ka ba ni aron kunnenka. Ko Kumasi ka nufa, ko Kwatano, ko Jidda, da zarar ka samu masauki, abin da ya kamata ka sa a gaba shi ne harshen mutanen wurin.

Kada ka ce abin ya fi ƙarfinka. Ka tashi da C'lela a gida, da Hausa a kasuwa, da Turanci a makaranta, ga maƙwabta masu Dukanci da Fakanci da Kambarci. Kakanninka da suka shiga soja a zamanin Turawa, da yawansu daga gona suka fito, ba su taɓa zama a aji ba. A bariki bakinsu ya ƙara faɗawa da Hausa, domin ita ce ta haɗa sojojin da suka fito daga ƙabilu daban-daban, kuma da ita aka je har Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Na bayansu suka tafi Laberiya cikin rundunar ECOMOG daga 1990, sannan Saliyo. Daga wannan tsatso Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, ya zama babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Ba wanda zai kai irin wannan matsayi da harshen gidansu kaɗai.

Inda nake yi maka tsoro shi ne zango. Hausa ni'ima ce ga matafiyi: a Zangon Kumasi, ko unguwar Nima a Akra, ko cikin Hausawan Makka, za ka ci tuwo, ka yi hira, ka samu mai kama maka hannu. Amma wannan sauƙin ne ke sa mutum ya yi shekaru a gari bai iya gaida mai gari da harshensa ba. Ran da za a sa hannu a takardar aiki, ko a sabunta igama, ko a tsaya gaban likita, sai an nemo tafinta. In tafintan mai amana ne, asirinka ya fita. In ba mai amana ba ne, haƙƙinka ya tafi. Ko kana da Larabcin Islamiyya, ka sani tushe ne mai kyau, amma na bakin direba da ɗan kasuwa a Jidda daban yake, sai ka zauna da su za ka kama shi.

Fara da gaisuwa, da ƙirgen kuɗi, da sunayen kayan aikinka. Abin da ka ji yau, ka rubuta ko ka naɗa a wayarka, gobe ka yi amfani da shi. Ka zauna da abokan aikinka 'yan ƙasa lokacin cin abinci, ka saurari rediyonsu. Za a yi maka dariya. Kada ta hana ka buɗe baki, domin mai dariyar shi ne zai gyara maka. Wanda kakanninsa suka yi golmo, shekara da shekaru suna yi wa surukai noma kafin a ba su mata, ba shi za a koya wa haƙuri ba.

Sai dai kada koyon na wasu ya sa ka zubar da naka. Yi wa 'ya'yanka magana da harshen gida ko a ina aka haife su, domin ran da ka kawo su bikin Uhola su iya gaida kakarsu da bakinsu. Ka fara tun yau, ɗana. Allah Ya ba da sa'a, Ya dawo mana da kai lafiya.