Wa zai ɗaure wa mujiya fiffike?

Idan akuya ta karye a Gidan Waya, kafin rana ta faɗi an nemo mai ɗori, ko an hau babur zuwa Kafanchan sayen magani. Akuya dukiya ce, kuɗin makarantar yara ce. Tambayar da ke damuna ta shafi dabbar da ba a cin namanta, ba a kai ta kasuwa: mujiya, ungulu, bushiyar da wutar daji ta babbake wa ƙaya a lokacin hunturu. Shin tana da hakki a wuyanmu?

Ni na ce tana da shi, kuma bashi ne, ba alfarma ba. Mu muke cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Mu muke ɗana tarkon waya. Motocinmu ne ke take su a titin Jos. Ungulun da ke cika mahauta muna yara, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu sayen kanta don tsubbu.

Na ga mujiya a bayan wata makaranta, fiffike ɗaya na jan ƙasa, tana buɗe baki ba sauti, yara sun kewaye ta da duwatsu. Wata dattijuwa ta ce a kashe ta, tsuntsuwar mayu ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wannan camfi ba shi da gurbi a masallaci ko a coci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi da mujiya, ya kuma umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Maƙwabtana Kirista suna karanta cewa ko ɗan tsuntsun da ake sayarwa a kan kwabo Allah bai manta da shi ba.

Akwai masu cewa mutane ba su samu magani ba, balle naman daji. Maganar tana da nauyi, na san layin asibitocinmu. Amma a Kalaba, a wurin da ake kira Drill Ranch, ƙungiyar Pandrillus tana rainon marayun birai tun 1991, waɗanda maharba suka kashe iyayensu, ana ba su madara a kwalba kamar jarirai. Wannan madarar ba daga bakin ɗan kowa aka ƙwace ta ba.

Mu ma ba mu rasa masana ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da nake roƙo ɗaki ɗaya ne da keji kaɗan a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da likitan da zai riƙa leƙowa duk mako, don yaron da ya tsinci tsuntsu mai rauni ya san inda zai kai shi. Kuɗin bandeji da abinci kuwa, masallatai da coci-coci na garin nan za su iya haɗawa.