Tsakanin Gawo Da Na'ura: Wa Ke Ɗauke Da Amanar Ƙasar Gobir?

Akwai wata tambaya da ta cancanci malamai su dube ta da idon basira. Mace a Sabon Birni ko Isa, wadda ba ta da abin hura wuta sai icce, shin laifi take yi idan ta sare gawo don ta ciyar da 'ya'yanta yau, alhali jikokinta za su gaji rairayi gobe?

Masana sun tabbatar cewa hayaƙin da ake kira kabon, wanda ke fita daga fetur da gawayi da ƙona daji, shi ke ƙara wa duniya zafi. Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da ake zuƙewa ba. Rabon Bagobiri a cikin wannan hayaƙi kaɗan ne ƙwarai, amma gonarsa ce hamada ke fara ci.

Wasu na ganin magani na wajen itace kawai. Hujjarsu ba ta da nisa, domin a tsallaken iyaka, a ƙasar Maraɗi, tun wajen 1984 manoma suka daina tumɓuke kututture, suna renon tohon da ya fito. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka dawo a Nijar ta wannan hanya. Gawo kuwa ni'ima ce ta musamman: yana kakkaɓe ganye da damina, ya bar wa gero rana da taki, ya ba dabbobi abinci da rani. Malamai ma sun lissafa dashe cikin sadaka mai gudana.

Sai dai itace yana bukatar shekaru, tukunya kuwa ba ta jira. Wanda ya hana talaka sara bai ba shi madadi ba, ya ɗora masa abin da ba zai iya ba, kuma Shari'a ba ta kallafa wa rai haka. A nan ne na'ura ke da hakki: murhu mai cin icce kaɗan yana saya wa toho lokacin girma, famfo mai aiki da hasken rana yana raba manomin albasa a fadamar Bunsuru da fetur, wanda ya yi tsada tun janye tallafi a 2023. Nauyin samar da waɗannan yana wuyan hukuma da mawadata, da ƙasashen da suka fi kowa hayaƙi.

Na'urar ma ba ta kuɓuta daga hisabi ba. Famfon da ba a saya masa mai yana koya wa mutum almubazzaranci da ruwa, har rijiyar maƙwabci ta ƙafe. Ga kuma abin da ba a son faɗa: manomin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa ba zai reni toho ba, ba zai tsare famfo ba. Hukumar ganuwar itatuwa da aka kafa a 2015, wadda Sakkwato ke cikin jihohinta 11, tana bukatar mutanen da ke kwana a gidajensu kafin ta ƙirga dashe.