Kwaɗayin Kujera Biyu

Kwaɗayi a siyasa ba shi ne neman babban muƙami ba. Wanda ya daɗe a majalisa, ya ga yana da abin da zai yi wa ƙasa, babu laifi ya nemi shugabancinta. Kwaɗayi yana farawa ne a lokacin da mutum ya miƙa hannu zuwa sama amma ya ƙi sakin abin da ke ɗaya hannun, har ya yarda a taka wani domin kada ya koma gida hannu rabbana. Takarar Sanata Ahmad Ibrahim Lawan ta 2022 da abin da ya biyo bayanta sun nuna yadda wannan hali ke aiki, ko da mai shi ba shi ne ke tsaye a gaba ba.

Lawan ɗan Gashuwa ne a jihar Yobe. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1999, ya koma ta Dattawa a 2007 yana wakiltar Yobe ta Arewa, ya zama shugabanta a 2019. An san shi da sanyin hali da gudun rigima da fadar shugaban ƙasa, abin da ya sa 'yan adawa ke kiran majalisarsa 'yar amshin shata. A 2022 ya shiga sahun masu neman tutar APC ta takarar shugaban ƙasa, a shekarar da kuɗin fom ya kai naira miliyan 100. Ana dab da zaɓen fidda gwani, shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da shi a matsayin ɗan takarar masalaha. Sanarwar ba ta kwana ba. Wasu 'yan kwamitin gudanarwa suka yi tsalle suka dire, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka dage mulki ya koma Kudu, fadar Shugaba Buhari kuma ta ce ba ta tsayar da kowa ba.

A dandalin Eagle Square na Abuja aka ƙidaya ƙuri'u ranar 8 ga Yuni. Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Lawan 152. Har zuwa nan babu abin kunya. Ya nema, bai samu ba, kamar yadda wasu da dama suka nema suka rasa a wannan dare.

Matsalar tana can gida. Tun ƙarshen watan Mayu an riga an yi zaɓen fidda gwani na kujerar sanatan Yobe ta Arewa a gaban jami'an hukumar zaɓe, Bashir Sheriff Machina ya ci, Lawan kuwa bai shiga ba domin hankalinsa yana Abuja. Washegarin faɗuwarsa sai aka ce an sake wani zaɓen, jam'iyya ta aika wa hukumar zaɓe INEC sunan Lawan. Machina ya fito fili ya ce shi bai janye ba, kuma ba zai janye ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma jam'iyya ta ɗauki nauyin tauna wa sanatan.

Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu ta ba Machina gaskiya a watan Satumba. Adalci ya sa a faɗi cewa Lawan da kansa ya sanar ya karɓi hukuncin, ba zai ɗaukaka ƙara ba. Jam'iyya ce ta ɗaukaka, ta sake faɗuwa a watan Nuwamba, ta wuce Kotun Ƙoli. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 alƙalai uku cikin biyar suka ba Lawan takara. Hujjarsu ba wai shi ya ci zaɓen fidda gwani ba ne. Cewa suka yi Machina ya bi ta ƙofar da ba ita ba wajen shigar da ƙara, tunda zargin maguɗi yana buƙatar a kira shaidu, ba a tsaya kan takardun rantsuwa kaɗai ba. Alƙalai biyu, Adamu Jauro da Emmanuel Agim, sun ƙi amincewa. Lawan bai ce ba ya so ba. Ya tsaya, ya ci zaɓe, ya koma majalisa.

A nan ne kwaɗayin manya ya bambanta da na talaka. Talaka shi ke miƙa hannu, idan an kama shi shi ke jin kunya. Babba yana da masu miƙa hannu a madadinsa: shugabannin jam'iyya, lauyoyi, 'yan kanzagi. Yana iya yin magana irin ta mai wadatar zuci alhali aiki na tafiya, ranar da abu ya nuna kuma ya karɓa. Ana cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, sai dai a irin wannan hali wahalar kan sauka a kan wasu. Wakilan da suka kaɗa ƙuri'a a watan Mayu sun koyi cewa ƙuri'arsu aro ce. Kotun Ƙoli ta sha suka daga lauyoyi da jaridu. Ba a Yobe kaɗai aka yi haka ba: Godswill Akpabio, wanda ya janye wa Tinubu a Eagle Square, shi ma ta Kotun Ƙoli ya tabbatar da takararsa ta sanata a Akwa Ibom, kuma shi ya gaji Lawan a shugabancin majalisa a Yunin 2023.

Siyasar Arewa ta taɓa ganin wata hanyar. A taron jam'iyyar NPN na fidda ɗan takarar shugaban ƙasa na Disamban 1978 a Legas, Shehu Shagari ya zo na ɗaya ba tare da cikakken rinjaye ba, Yusuf Maitama Sule ya bi masa. Maitama, Ɗan Masanin Kano, yana da damar neman zagaye na biyu, amma shi da Adamu Ciroma suka janye. Shagari kansa kujerar sanata ya so tun farko, aka matsa masa ya nemi ta shugaban ƙasa. Maitama bai koma Kano ya ture wani daga takara ba. Daga baya Shagari ya tura shi wakilcin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.